Esi mai bututu ko marar bututu a tirelar tafi-da-gidanka: wanne zan ɗauka?

Tambaya: Ina shirin sayen tirelar tafi-da-gidanka, irin wadda ake ɗaura wa mota a ja, mu riƙa kwana a ciki ni da iyali idan mun fita hutu. Guda biyu na gani. Ɗaya ƙafa 19 ce, ɗaki guda a buɗe, esinta na huro iska kai tsaye daga silin. Ɗayar ƙafa 28, da ɗakin kwana mai ƙofa a gaba da gadajen yara a baya, an ce nata mai bututu ne. Dillalin ya ce mai bututu ya fi sanyi. Haka ne? In kuma na sayi marar bututu, zan iya sa masa bututu daga baya?

Amsa: Malam, maganar dillali ba daidai ba ce, ko da yake ƙila ba da gangan ya faɗa ba. Bututu ba ya ƙara sanyi ko kaɗan. Aikinsa raba sanyi ne, kuma garin rabon sai wani abu ya zube a hanya. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne fasalin tirelar: tsawonta nawa, kuma ƙofa nawa ke tsakanin na'urar da wurin da mutane za su kwanta. Tirelolin nan biyu da ka gani, kowacce an sa mata irin da ya dace da ita.

Bari mu fara daga kan rufi, domin a nan ne mutane ke ruɗewa. Akwatin nan da kake gani a saman tirela, shi ne na'urar gaba ɗayanta: kwamfaresa, da kwandensa mai zubar da zafi waje, da kwayil mai sanyi wanda iskar ɗaki ke ratsawa, da fanka. Yana zaune ne a kan rami mai kusurwa huɗu, kusan inci 14 kowane gefe, daidai da ramin tagar iska ta rufi, an danne shi da dogayen sukurori huɗu daga ciki, da roba a tsakani don kada ruwan sama ya shiga. Ta wannan rami ɗaya iskar ɗaki mai zafi ke hawa, ta nan kuma mai sanyi ke saukowa. Manyan masu ƙera su, irin su Dometic da Coleman-Mach da Furrion, a yawancin samfuransu akwatin saman iri ɗaya ne ko za a yi aiki da bututu ko ba za a yi ba. Ƙarfin da aka fi samu, a ma'aunin ƙarfin esi da ake kira BTU, shi ne BTU 13,500 da BTU 15,000 a awa, wato kimanin kilowat 4 da kilowat 4.4 na sanyaya. Idan tirelolin biyu duk 13,500 ke kansu, to sanyin da ake samarwa ɗaya ne. Bambancin duk yana ƙarƙashin rufi.

A marar bututu, akwai wani faffaɗan murfin roba manne da silin, yana da bakuna gaba da baya, wani lokaci har da gefe. Iska na fitowa daga kwayil, ta faɗo cikin ɗaki nan take. Tafiyarta ba ta kai kamu biyu ba. Babu inda za ta ɗumama, babu inda za ta yoye, babu lanƙwasar da za ta rage mata ƙarfi. Shi ya sa in ka shiga tirelar da ta wuni a rana ka kunna irin wannan, cikin 'yan mintuna wanda ke tsaye a ƙarƙashinsa zai ji daɗi. A ƙaramar tirela mai ɗaki guda, ban ga abin da ya fi shi ba. Gyaransa ma babu wahala: ka cire murfi, komai na gabanka.

Aibinsa biyu ne. Na farko ƙara. Duk iskar da fanka ke turawa tana fita ne ta bakuna biyu ko uku a wuri ɗaya, kuma a ƙaramar tirela wurin nan bai wuce taku biyu daga gado ba. Da yawa daga cikinsu maɓallansu a jikin murfin suke, na murɗawa, kuma a irin waɗannan fanka ba ta tsayawa: kwamfaresa ce kaɗai ke ɗaukewa ta dawo, fanka na ta gudu har gari ya waye. Wasu sun fi son hakan, domin ƙarar da ba ta yankewa ta fi sauƙin barci a kan wadda ke tashi tana mutuwa. Wasu kuwa ba sa iya kallon talabijin sai sun ƙure murya. Wannan kai za ka gwada da kunnenka, ba wanda zai gaya maka. Na biyu, sanyin ba ya shan kwana ya shiga lungu. Labule mai kauri ma yana tare shi, balle ƙofa. Mai kwana a tsakiya yana neman bargo, wanda ke can ƙurya yana gumi.

Mai bututu kuma, iskar ba ta faɗowa ƙasa kai tsaye. Ana karkatar da ita gefe, ta shiga wasu hanyoyi da aka shimfiɗa a cikin kaurin rufin, tsakanin silin da saman tirela, su bi tsawonta gaba da baya, ta riƙa fitowa ta ƙananan bakuna zagayayyu da aka jera a silin. Kada kalmar bututu ta sa ka zaci ƙarfe ne kamar na manyan gine-gine. A tirela galibi kwata ce marar zurfi da aka fafe a cikin farin soson nan mai tauri da ake cusa wa rufi, ko kuma kwali mai rufin alminiyam. Wasu kamfanoni layi ɗaya suke yi, wasu biyu a jere, wasu kuma su haɗe bakin layukan biyu su zama zobe don iska ta zagaya. Kusan kullum ana haɗa shi da ma'aunin zafi na bango, wanda ke iya kashe fanka da kwamfaresa tare idan ɗaki ya kai sanyin da ka saita.

Ribar a bayyane take. Ɗakin kwanan da ke gaba yana da bakinsa, gadajen yara suna da nasu, sau da yawa har banɗaki. Ƙarar iska ta ragu tunda an rarraba ta wurare shida ko takwas. Amma kada ka sa rai da shiru: a ƙarƙashin na'urar har yanzu akwai ragar da iska ke komawa ta ciki, kuma gurnanin kwamfaresa yana bin rufi. Sai a wasu manyan tireloli masu tsada ake yi wa iskar komawa ita ma nata bututun, a rufe ƙasan na'urar ruf, waɗannan kam suna da shiru sosai.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurara, domin nan ne kusan duk ƙorafin masu esi mai bututu yake fitowa. Ka ɗauki abin kamar ruwan da ake korawa ta kwata zuwa ƙarshen gona: in kwatar na da ɓaraka, fangalin farko zai cika, na ƙarshe ya sami laima kawai. Bututun nan yana kwance ne ƙasa kaɗan da rufin da rana ke dukansa tun safe, kuma abin da ya raba su ba shi da kauri. Iskar da ta isa bakin ƙarshe ta riga ta ɗan ɗumama, ƙarfinta kuma ya ragu. Wannan asara ce da ba makawa. Amma babbar asarar ba ita ba ce, ta sakacin haɗawa ce. Ana harhaɗa tireloli da sauri a masana'anta, kuma wurin da mai saye ba zai leƙa ba shi ne ake yi wa aikin gaggawa.

In ka kwance murfin silin na ƙarƙashin na'urar, za ka ga ramin nan na inci 14 an raba shi biyu da wani shamaki, na soso ko na ƙarfe marar kauri. Gefe ɗaya iskar ɗaki ke hawa, ɗaya gefen mai sanyi ke saukowa. Idan shamakin nan ya karkace, ko ya gaza kaiwa sama, ko tef ɗin da aka liƙe shi da shi ya ɓare, iska mai sanyi za ta tsallaka ta koma cikin na'urar ba tare da ta taɓa shiga ɗaki ba. Abu biyu ke biyo baya. Ɗaki ba ya sanyi duk da na'urar na ta aiki. Sannan kwayil, da yake iskar da ke ratsa shi ta riga ta yi sanyi, sai ya wuce misali, danshin da ke kansa ya daskare, ƙanƙara ta toshe shi, iska ta daina wucewa ɗungurungum. Mai tirela ya ce gas ya ƙare. Ba gas ba ne. Na'urorin nan a rufe suke tun daga masana'anta, ba su ma da bakin ƙara gas, kuma ba safai suke yoyo ba.

Bayan shamaki, sai bakin bututun inda ya haɗu da ramin: sau da yawa akwai giɓi da ke zubar da sanyi cikin rufi. Haka ma kowane ƙaramin baki na silin, in ka cire shi za ka iya tarar da tazara tsakanin allon silin da bututun. Akwai kuma bututun da ya zarce bakin ƙarshe da ƙafa biyu ko uku ya je ya mutu a bango, iska na ta cusuwa can a banza. Wani lokaci ka tarar da ɓarɓashin soso ko garin katako a ciki, ko wani wuri ya lotsa. Duk waɗannan maganinsu tef ɗin alminiyam ne, mai ƙyalli, irin na masu aikin sanyi, da guntun soso na toshe ƙarshen da ya zarce. Kada ka yi amfani da tef mai zare a jiki, zafin rufi yana narkar da gam ɗinsa ya saki. Aikin yini guda ne ga mai haƙuri, kuma a ganina babu kuɗin da za ka kashe wa tirela da zai ba ka riba kamar wannan. Ana kuma sayar da wani soso da aka sassaƙa daidai ramin, wanda ke karkatar da iska cikin bututu ba tare da ta yi karo da kusurwa ba. Yana taimakawa, sai dai yawanci yana rufe bakin saukar da iska kai tsaye, wanda zan yi maganarsa yanzu. Ka kashe wuta gaba ɗaya kafin ka sa hannu a ramin, akwai wayoyi a wurin.

Bakin saukar da iska kai tsaye wata 'yar ƙofa ce a jikin murfin silin na yawancin masu bututu. In ka buɗe ta, mafi yawan iskar za ta bar bututu ta faɗo ƙasa, na'urar ta koma tamkar marar bututu. Amfaninta shi ne lokacin da kuka iso masauki da rana tsaka, tirela ta yi zafi kamar me: ka buɗe, falo ya huce da sauri, in yamma ta yi ka rufe, sanyi ya bi ɗakuna. Wannan ne ya sa nake cewa mai bututu yana iya yin aikin marar bututu, amma marar bututu ba ya iya yin nasa. Mutane da yawa suna shekara da tirela ba su san amfanin ƙofar ba, wasu ma a buɗe suke barinta kullum, suna mamakin me ya sa ɗakin kwana ba ya sanyi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: iskar da aka tura ɗakin kwana dole ta sami hanyar komawa. Ragar komawa ɗaya ce, tana falo. Shi ya sa za ka ga ƙofofin cikin tirela ba sa kaiwa ƙasa, wasu ma ba sa kaiwa sama. Ba kuskuren kafinta ba ne. In ka toshe giɓin da tawul don kada haske ko ƙara su shigo, ka rage iskar da ke shiga ɗakin da hannunka. Haka nan rufe bakunan silin da yawa don a tura sanyi wuri ɗaya: ɗaya ko biyu ba laifi, amma in ka rufe rabinsu, iskar da ke ratsa kwayil ta ragu, ƙanƙara ta dawo. Sa fanka a ƙaramin gudu a ranar da iska ke da laima sosai shi ma yana jawo haka, kuma wannan ya shafi iri biyun. Matatar ƙura da ke bayan raga ma haka, in ta toshe. Soso ce kawai, ka wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe, ka mayar.

Sai batun sa bututu daga baya. Ka cire wannan daga lissafinka. Hanyoyin iskar ana gina su ne tare da rufin. Ƙananan tireloli da yawa rufinsu falle-falle ne da aka manne da gam aka danne, babu sarari a ciki ko kaɗan. Wanda ke da sarari ma, sai an sauke silin duka, a bi ta tsakanin ƙarafa ko katakan da ke riƙe da rufin da wayoyin fitilu. Kuɗin aikin zai iya fin bambancin farashin tirelolin biyu. Juyin kuwa mai sauƙi ne: tirela mai bututu ana iya mayar da ita marar bututu ta hanyar sauya murfin silin kawai. Abin da ake yi wa marar bututu idan sanyi bai kai wani lungu ba shi ne ƙaramar fanka mai aiki da batirin tirela, a kafa ta inda za ta tura iska can. Ba ado, amma tana aiki.

Game da mai ƙafa 28 ɗin, akwai tambayar da ta fi ta bututu muhimmanci, wato ko na'ura ɗaya za ta ishe ta. Bangon tirela bai kai kaurin na gida ba ko kusa, tagoginta galibi gilashi ɗaya ne, in kuma tana da ɓangaren da ke zamewa waje don ƙara faɗi, wannan ma wata ƙofar zafi ce. A nawa ra'ayin, tsawon nan yana bakin iyaka: 15,000 zai riƙe ta a yanayi matsakaici ko a inuwa, 13,500 kuwa zai sha wahala a tsakiyar bazara a fili. Daga ƙafa 30 zuwa sama, in za a je wuri mai tsananin zafi, na'ura biyu ake so. Ka tambaya ko an riga an ja wayar na'ura ta biyu zuwa tagar rufin ɗakin kwana. Masana'antu da yawa suna yin haka, kuma ta biyun sau da yawa marar bututu ake sawa, ta hura ɗakin kwana kai tsaye, ta farkon ta ji da sauran. Ka ga ke nan tirela ɗaya tana iya ɗaukar iri biyun.

Na'ura ta biyu kuma tana jawo maganar wuta. A tsarin Amurka da Kanada, inda aka fi yin irin waɗannan tireloli, wutar bolt 120 ce, kuma tirela tana zuwa da layin amfiya 30 ko na amfiya 50. Na 30 yana ba ka wat 3,600 gaba ɗaya. Esi ɗaya yana cin amfiya 12 zuwa 15 yana gudu, wato kusan rabin abin da kake da shi, saura na firji da tukunyar ruwan zafi da na'urar ɗumama abinci. Biyu a kan layin 30 wahala ce. Na 50 layi biyu ne, jimilla wat 12,000, shi ne ke ɗaukar biyu hankali kwance. Bututu ba ya canza ko ɗaya daga cikin lissafin nan: kwamfaresa ɗaya, ci ɗaya. Lokacin tashi kwamfaresa tana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin na abin da take ci tana gudu, na ɗan ƙiftawar ido, shi ya sa ƙaramin janareta ke durƙushewa. Akwai ƙaramar na'urar sassauta tashi da ake haɗa mata, wadda ke sa janareta mai wat 2,000 da ɗoriya ya iya tayar da 13,500, muddin ba a ɗora masa wani kaya mai nauyi ba. A Turai wutar bolt 230 ce, sansanoni da yawa kuma amfiya 6 ko 10 ko 16 suke bayarwa, don haka na'urorinsu ƙanana ne, kuma akwai irin da ake ɓoyewa ƙarƙashin benci, kamar Truma Saphir, a ja masa tiyo zuwa sassan tirela. Shi ma mai bututu ne, sai dai nasa ba ya bin rufi.

Kada kuma ka ɗauki bututun hita a matsayin na esi. Bakunan da za ka gani a ƙasa ko a gindin kabad na hitar gas ne, hanyarsu daban. Dillali na iya nuna maka su ya ce ga bututu, alhali esin marar bututu ne. Silin za ka duba.

In za ka koma wurin dillalin, ka tafi da ƙaramin ma'aunin zafi, ka je da rana, ka ce a jona tirelar da wuta. Ka rufe ƙofa da tagogi, ka sa fanka a babban gudu, ka bar na'urar ta yi minti 15 zuwa 20. Ka auna iskar da ke shiga raga, ka auna wadda ke fita a bakin da ya fi kusa. Lafiyayyar na'ura tana ba da bambancin digiri 9 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, wato 16 zuwa 22 a na Faranhait. A rana mai laima sosai yakan ɗan yi ƙasa, saboda wani ɓangare na ƙarfin yana tafiya wajen tsotse danshi. A mai bututun, ka tabbata ƙofar saukar da iska a rufe take, sannan ka bi bakunan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu har na ɗakin kwana da na gadajen yara. In na kusa yana hurowa da ƙarfi na nesa kuwa da ƙyar kake jin motsi, akwai yoyo ko toshewa, ka ce su gyara kafin ka biya. Ka kwanta a kan gadon kowacce na ɗan lokaci esi na aiki, ka ji ƙarar da kunnenka. Ka kuma duba silin kewaye da murfin ko akwai tabon ruwa, domin robar da ke ƙarƙashin na'urar tana lotsawa da shekaru, sukurorin su yi sako-sako.

Tunda ka ambaci yara da ƙofar ɗakin kwana, ni mai ƙafa 28 zan nuna maka, da sharaɗin motarka za ta iya janta, na'urar kanta 15,000 ce, kuma ka yarda za ka ba ta yini guda da tef ɗin alminiyam. In kuwa ku biyu ne kawai a yawancin tafiye-tafiyen, ko motar ba ta da ƙarfin jan babbar, ka ɗauki mai ƙafa 19 ba tare da jin an rage maka komai ba: BTU 13,500 a ɗaki guda mai wannan girman ya isa har ya yi yawa, sai dai ka tanadi fanka ƙarama saboda wanda zai kwana a ƙurya.